Ina zan ajiye hotunan girkina, kuma da me zan gyara su?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoton duk abin da na girka idan ya yi min kyau a ido. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce, sai dai ina da burin wata rana in tattara su tare da bayanin yadda ake yin kowanne, in mayar da su ɗan littafi ko don 'ya'yana. Yanzu hotunan sun haura dubu huɗu, kullum waya tana kukan ta cika.

Abin da ya tayar min da hankali jiya ya faru. Na nemi hoton wani kek da na yi bara, wanda na fi so a duk hotunana, don in buga shi a takarda. Ashe na goge na cikin waya tun lokacin da nake neman fili, na dogara da wanda na ɗora a shafin sada zumunta. Da na sauko da shi na buɗe a kwamfuta sai na ga ya dagule. 'Yan ramukan nan na jikin kek inda aka yanka, waɗanda saboda su nake son hoton, duk sun shafe kamar an goga musu mai. Wallahi raina ya ɓaci sosai.

To ina ne ya fi dacewa in riƙa ajiye hotuna a intanet ba tare da an lalata su ba? Kuma na fi son wuri guda da zan ajiye, in gyara, in nuna wa mutane, don ba ni da lokacin yawo tsakanin manhajoji.

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Sannu, Allah ya mayar da alheri. Ni dai Google Photos nake amfani da shi kuma hankalina kwance. Da kin ɗauki hoto zai hau da kansa, akwai wurin gyara haske da launi a ciki, kuma idan kin rubuta kalma a wurin bincike yakan zaƙulo miki hotunan abin ko da ba ki taɓa sa musu suna ba. Me za ki je nema wani wuri?

Ummi: Anti ki sauke Lightroom kawai. Duk hotunan da kuke gani ina sakawa a nan da shi nake gyarawa.

Malam Sani mai kyamara: Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, kafin kowa ya ja ki zuwa manhajar da yake so, bari in fara da abin da ya sami hoton kek ɗin, don can ne tushen maganar. Shafukan sada zumunta ba ma'aji ba ne, allon talla ne. Aikinsu hoto ya buɗe da sauri a wayar mai kallo, don haka suna rage girmansa su kuma matse shi. Instagram, alal misali, ya daɗe yana mayar da faɗin hoto fiksel 1080, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Wayar da ke ɗaukar megafiksel 12 kuwa, wato fiksel miliyan 12, hotonta 4000 ne a 3000. Kin ga mafi yawan hoton an zubar tun a bakin ƙofa. Masu buga hoto mai kyau suna son ɗigo 300 a kowane inci, wato fiksel 1080 ba zai ba ki fiye da santimita 9 ba. Cikakken shafin A4 kuwa yana buƙatar 2480 a 3508. Tunda kin ce littafi kike hange, wannan lissafin ya shafe ki kai tsaye.

Kuma matsi ya fi cutar da hoton abinci a kan hoton gini ko mota. Abin da ke sa a ga abinci a ji yunwa ƙananan abubuwa ne: ƙyallin mai a saman miya, tururi, ɓawon burodi da ya tsattsage, ƙwayar shinkafa ɗai-ɗai. Su ne kuma abin da matsi yake fara haɗiyewa.

Shi ya sa ban goyi bayan neman wuri guda ba. Ayyuka uku ne kike son haɗawa, ajiya da gyara da nunawa, kuma wanda ya ƙware a ɗaya yawanci yana da rauni a sauran.

Hajiya Bilki: Malam Sani kai ka saba da manyan kaya shi ya sa. Baiwar Allah ta ce ba ta da lokaci. Mace tana tsaye a kicin, abinci na hucewa, yara na jira, a ce sai ta bi manhaja uku kafin hoto ɗaya ya kammala? Ai sai ta gaji ta watsar gaba ɗaya.

Malam Sani mai kyamara: Hajiya maganarki gaskiya ce, wahalar da ta yi yawa kan sa a bar abu. Amma ajiyar ai da kanta take tafiya idan an saita ta sau ɗaya. Gyara kuma ba kowane hoto ake yi wa ba. A cikin dubu huɗun nan na tabbata waɗanda suka cancanci littafi ba za su wuce ɗari biyu ba.

Abba: Barkanku da war haka. Ni ba mai ɗaukar hoto ba ne sosai, harkar kwamfuta nake, amma akwai abu biyu game da Google Photos da ya kamata Maman Hanifa ta sani kafin ta yanke shawara. Hajiya, ba kushe zaɓinki nake ba, manhaja ce mai kyau.

Da farko, ajiya kyauta marar iyaka da aka san shi da ita ta ƙare tun 1 ga Yuni 2021. Yanzu gigabait 15 ake bayarwa kyauta, kuma ba na hotuna kaɗai ba ne, da Gmail da Drive ake rabawa. Idan hoto ɗaya ya kai megabait 4, dubu huɗu sun tashi kusan gigabait 16. Wato tun ranar farko za ta cika shi, kuma idan ya cika har saƙon imel zai iya daina shigowa.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi muhimmanci. Wajen ɗorawa akwai zaɓi biyu, ko a ajiye asalin hoton yadda yake, ko a matse shi don a rage cin wuri. Wanda ake matsewa yana da kyau ƙwarai, ba kamar na shafukan sada zumunta ba, amma dai ba asalin ba ne. To akwai kuma maɓallin da ke share hotunan waya waɗanda suka riga suka hau, don a samu fili. Idan mutum yana kan zaɓin matsewa ya danna wannan maɓallin, asalin ya tafi ke nan, matsattsen ne kawai ya rage. Mutane da yawa ba su san a kan wanne suke ba.

Hajiya Bilki: Innalillahi. Bari in duba nawa yanzu.

Hajiya Bilki: Na duba, a kan na matsewa nake. Amma Abba gaskiya ban taɓa ganin bambanci ba.

Abba: A fuskar waya ba za ki gani ba Hajiya, ko a ƙaramar takarda ma da wuya. Sai an zo yanke wani sashe na hoton a faɗaɗa shi, ko a ja haske sosai wajen gyara. Ga mai ajiye hotunan tarihi na iyali ya wadatar. Ga mai son littafi, gara asalin.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, ina bin ku a hankali. Wata ƙawata mai iPhone ta ce min iCloud ya ishe ta. Shi ma haka yake?

Abba: iCloud yana riƙe asalin hoto, wannan babu matsala, sai dai gigabait 5 kawai yake bayarwa kyauta. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauka ma'aji ne daban. Madubi ne. Abin da kika goge a waya ya gogu a can ma, da sauran na'urorin da ke kan asusun. Zai zauna kwana 30 a kwandon abin da aka goge, daga nan shi ke nan. A Google Photos ma idan kin goge daga cikin manhajar, ya tafi a duka biyun. Yaro ya ɗauki waya ya yi ta danne-danne, madubin zai kwaikwayi ɓarnar ne kawai.

Anti Rabi: Bari in shigo a nan, don ni abin ya taɓa ci na. Shekarun baya ina rubuta yadda ake girke-girke a wani ɗan shafi nawa, hotunan kuma ina ɗora su a wani wurin ajiya na kyauta, in ɗauko adireshinsu in liƙa. Ba zan kama suna ba. Kusan shekara biyar ina haka. Kwamfutar da asalin hotunan suke ciki ta mutu, ban damu ba, ai suna intanet. Na yi wata da watanni ban leƙa ba saboda jinyar mahaifiyata. Ranar da na dawo na buɗe shafin, kowane rubutu sai wani farin akwati a inda hoto yake. Sun canza ƙa'ida, sun aiko da sanarwa ta wani tsohon imel da na daina buɗewa, wa'adi ya wuce.

Abin da ya fi ci min rai, a cikin hotunan akwai waɗanda hannun mahaifiyata ya fito tana murza kwaɓin fulawa, da zobenta da komai. Ita take nuna min, ni ina ɗauka. Girkin zan iya sake yi, wannan hannun kuwa ba zan sake samu ba.

Don haka ƙanwata, duk inda za ki zaɓa, ki fara tambayar yadda ake fita kafin ki tambayi yadda ake shiga. Kuma imel ɗin da za ki yi rajista da shi ya zama wanda kike buɗewa kullum.

Maman Hanifa: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Anti wannan ya taɓa min zuciya.

Ummi: Allah ya gafarta mata Anti.

Malam Sani mai kyamara: Allah ya rahamshe ta. Abin da Anti Rabi ta faɗa ya sha faruwa a idon duniya. A 2017 Photobucket, wani shafin ajiye hotuna, ya daina barin masu asusun kyauta su liƙa hotunansu a wasu shafuka sai sun biya, dare ɗaya hotuna suka ɓace daga tsofaffin rubuce-rubuce ko'ina a intanet. TinyPic, wani irinsa, ya rufe gaba ɗaya a 2019. Imgur, shi ma irinsu, a 2023 ya sanar da share tsofaffin hotunan da ba su haɗe da asusun kowa. Google ma ya rufe Picasa, tsohuwar manhajarsa ta hotuna, a 2016, kuma yanzu yana da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya share shi. Ba mugunta ba ce, ajiya kuɗi take ci, kamfani kuma lissafinsa yake yi. Amma zanen aro ba ya rufe katara.

Masu hoto suna da wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku na kowane hoto, a kan irin ma'aji biyu daban, ɗaya kuma ya kasance nesa da gida. A sauƙaƙe, ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da ke cikin durowa, ɗaya a intanet.

Ummi: Malam to Flickr fa? Na ga kai a can kake saka naka.

Malam Sani mai kyamara: Ina son Flickr, ba zan ɓoye ba. Tun 2004 yake, kuma don masu hoto aka gina shi. Yana riƙe hoto da cikakken girmansa, kina iya jera kundi-kundi, ki rubuta dogon bayani a ƙarƙashin kowane hoto, wanda ga mai girki wuri ne mai kyau na rubuta kayan haɗi. Akwai rukunonin masu hoton abinci, kuma sau da yawa za ki ga saitin kyamarar da mutum ya yi amfani da shi, ki koya. Ke za ki zaɓi ko kin riƙe duk haƙƙin hotonki, ko kin yarda a yi amfani da shi a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato izinin da kike ba jama'a bisa sharuɗɗan da kika zaɓa.

Amma shi ma tarihinsa darasi ne. A 2013, lokacin yana hannun Yahoo, ya ba kowa terabait ɗaya kyauta. Kamfanin SmugMug ya saye shi a 2018, daga farkon 2019 aka mayar da asusun kyauta hoto 1,000 kacal. Daga baya aka ce waɗanda ba a buɗe wa jama'a ba kada su wuce 50. To ga Maman Hanifa, Flickr na kyauta wurin baje zaɓaɓɓun hotuna ne, ba rumbun dubu huɗu ba.

Hajiya Bilki: Ka ga ni abin da ya sa ban damu da irin waɗannan ba, wa zai je can ya gani? Mutanen da nake so su ga girkina suna Instagram da Facebook da WhatsApp.

Malam Sani mai kyamara: Babu laifi ko kaɗan Hajiya, a kai hoto inda mutane suke. Kwafi dai za a kai, asalin yana gida.

Abba: Ƙarin bayani kan WhatsApp, tun 2023 akwai zaɓin HD wajen tura hoto, ya fi na da kyau amma har yanzu ana matsewa. Idan kuna son hoto ya isa yadda yake, ku tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu. Sai dai a kula, idan ya tafi a haka yana tafiya da duk bayanan da ke ɓoye a cikinsa.

Maman Hanifa: Wane irin bayani ke nan Abba?

Abba: Kowane hoto yana ɗauke da abin da ake kira EXIF: rana, lokaci, irin waya, saitin kyamara, kuma idan an bar wa kyamara izinin sanin wuri, har da daidai inda aka tsaya aka ɗauka. Mai hoton tsaunuka wannan ba ya damunsa. Ke kuwa duk hotunanki a kicin ɗinki kike ɗauka, wato adireshin gidanki ne a jikin kowanne. Manyan shafukan sada zumunta suna cire shi daga kwafin da jama'a ke gani, amma wuraren da ke riƙe asalin fayil suna riƙe shi da komai, sai kin shiga saiti kin ce a ɓoye. Mafi sauƙi ki shiga saitin kyamara ki kashe adana wuri tun daga tushe.

Maman Hanifa: Subhanallah, ban taɓa sani ba. Na kashe yanzun nan.

Ummi: To mu dawo kan gyara don Allah, ni nan ne nake da abin cewa. Anti, dalilin da ya sa na ce Lightroom, gyaransa ba ya taɓa asalin hoto. Umarni kawai yake ajiyewa, ko bayan wata shida kina iya komawa ki warware. Kuma akwai wurin da ake gyara launi ɗaya shi kaɗai. Misali ganye ya fito kamar ya yi yaushi, sai ki taɓa kore kawai, ja da ruwan ɗorawa suna nan yadda suke. Na waya kyauta ne ga yawancin abubuwa, sai dai gyara wani sashe na hoto shi kaɗai da ajiya a ma'ajinsu na masu biya ne. Idan kin samu gyaran da ya yi miki, kina iya adana shi ki riƙa ɗora wa sauran hotuna da dannawa ɗaya, duk su zama kala ɗaya.

Malam Sani mai kyamara: Ummi duk abin da kika faɗa daidai ne, sai na ƙarshen ne nake da ja. Gyara ɗaya ga kowane hoto yana aiki idan haske ɗaya ne. Wanda aka ɗauka da hantsi a bakin taga da wanda aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba za su karɓi magani ɗaya ba. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin na launin haske, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kuwa wajen 2700 zuwa 3000. Shi ya sa farar shinkafa ke fitowa kamar an zuba mata kurkur. Gyaran farko a hoton abinci shi ne daidaita fari. Ki nemi wani abu a hoton da kin san fari ne, faranti ko tsumma, ki ja har ya koma fari, sauran launuka za su biyo baya da kansu.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne haske biyu a hoto ɗaya, taga ta wannan gefe, ƙwai ta wancan. Rabin faranti shuɗi-shuɗi, rabi ruwan ɗorawa. Ki gyara nan, can ya ɓaci. Maganinsa a kashe ƙwan kafin a ɗauka. Filashin waya kuma a bar shi a kashe, yana sa mai ya yi ƙyalli kamar roba.

Anti Rabi: Ni Snapseed nake amfani da shi yanzu, bai isa ba?

Malam Sani mai kyamara: Ya isa har ya yi saura, Anti. Google ne ke da shi tun 2012, kyauta ne gaba ɗaya. Yana da daidaita fari, yana da wurin da za ki ɗora yatsa a kan wani sashe ki ƙara masa haske shi kaɗai, yana da na goge ɗigon miya a bakin faranti. Abin da ba shi da shi ma'aji. Ki duba saitinsa ki tabbatar bai rage girman hoto wajen fitarwa, ingancin JPEG kuma, wato irin fayil ɗin da yawancin hotuna ke zuwa a ciki, ki kai shi sama. Kullum ki fitar da kwafi sabo. JPEG duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai ya ɗan zubar da wani abu, idan aka yi ta maimaitawa a kan fayil ɗaya sai ya gaji.

Abba: Wanda ke son aiki a kwamfuta ba tare da sauke komai ba, akwai Photopea, a cikin burauza yake aiki kuma yana buɗe fayil ɗin Photoshop. Canva kuma ya fi ƙarfi wajen jera hoto da rubutu, zai yi wa Maman Hanifa amfani ranar tsara shafukan littafi, amma ba shi zan ba amanar gyaran launi ba. Sannan wajen fitar da hoto don intanet, idan an ba ku zaɓi ku ɗauki tsarin launi na sRGB, shi ne wanda kusan kowace fuska ke nunawa daidai.

Hajiya Bilki: Ni fa akwai abin da ke damuna a wannan gyare-gyaren, bari in faɗa ko da za a ji haushi. Wani hoton sai ka ga tumatir ya yi ja kamar fenti, ganye kamar na roba, nama yana walƙiya. Yarinya mai koyo ta bi bayanin tiryan-tiryan, nata ya fito da launin abinci na gaskiya, sai ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Na ga wadda ta kusa kuka a kan haka. Wannan ba yaudara ba ce?

Ummi: Hajiya amma kyamara ma ai ba gaskiya take faɗa ba. Wayar da kanta tana gyara hoton kafin ki gani, tana ƙara kaifi da launi. Idan abincina ya fi kyau a ido a kan yadda waya ta nuna, don na gyara ai gaskiya na dawo da ita.

Hajiya Bilki: Wannan na yarda. Amma ke ma kin san akwai masu wuce gona da iri.

Ummi: Akwai, ni ma na yi a farko. Na koma kan hotunana na shekara biyu baya na ga duk sun yi ruwan lemo, saboda wani gyara da na saya na riƙa ɗora wa komai. Da yake asalin suna nan na warware su. Da a ce na adana a kansu da shi ke nan.

Malam Sani mai kyamara: Ku biyun kuna da gaskiya. Ni ma'aunina shi ne, in gyara tun farantin yana gabana idan zai yiwu. In kalli abinci, in kalli fuskar waya. Da zarar na waya ya fi na faranti launi, na wuce. Ja ne ya fi saurin ƙonewa. Idan kika ja maɓallin ƙarfin launi da yawa, jar miya sai ta zama shafaffen ja guda, ba gutsuren albasa, ba layin mai. Kuma manhajojin yanzu da ke iya ƙirƙiro tururi ko su ƙara abin da babu a faranti, ni ban yarda da su a hoton da za a koyar da girki da shi ba. Goge ɗigon miya daban, ƙara abin da ba ki dafa ba daban.

Wani abu kuma, saitin nan na kyamara da ke dusashe bayan hoto. An yi shi ne don fuskar mutum. A kan abinci yakan rikice, ya cinye bakin kofi ko ƙarshen cokali. Idan za ki yi amfani da shi ki ɗauki wani na biyu ba tare da shi ba.

Maman Hanifa: Malam na ga wani wuri an ce a riƙa ɗauka da RAW. Ya zama dole?

Malam Sani mai kyamara: A'a. RAW, wato ɗanyen fayil yadda kyamara ta ɗauka kafin a sarrafa shi, yana ba da dama sosai wajen gyara fari da ceto wurin da ya yi duhu, amma fayil ɗaya na iya kai megabait 25 ko fiye, ga shi dole sai an gyara kafin ya yi kyau. Ke da kike kukan wuri, ki bar shi sai ranar da kika yi girki na musamman don littafin. Hasken taga da JPEG mai kyau sun fi RAW a cikin duhu.

Anti Rabi: Tambaya ɗaya da ba a taɓo ba. Idan na ɗora hoto a waɗannan wurare, ya zama nasu? Na taɓa ganin hotona a tallar wata mai sayar da abinci, ta yanke sunana.

Abba: Hoton naki ne Anti. A ƙa'idar Instagram da Facebook mallaka tana hannunki, amma kin ba su izinin amfani da shi, su nuna, su rarraba, ba tare da sun biya ki ba. Matar da ta ɗauka kuwa ba ta da wannan izinin, kuma akwai hanyar kai ƙorafin haƙƙin mallaka a shafukan. A nan ma asalin fayil ne shaidarki, mai cikakken girma da ranar da aka ɗauka. Ita ƙaramin kwafi kawai take da shi. Idan za ki sa suna, ki sa shi kusa da faranti inda yankewa zai ɓata hoton, ba can kusurwa ba.

Hajiya Bilki: To ni dai har yanzu ina nan kan Google Photos, amma na mayar da shi kan asali, kuma zan sayi faifan nan na waje. Abba yaya ake kwaso na ciki gaba ɗaya?

Abba: Ta Google Takeout, Hajiya. Za ki zaɓi hotuna kawai, su haɗa miki su a manyan fayiloli ki sauke. Ki yi shi a kwamfuta, inda intanet ke da ƙarfi. Za ki ga wasu ƙananan fayiloli masu ƙarewa da json a gefen hotunan, kada ki goge, bayanan da kika rubuta a kan hotuna suna ciki. Shawarata ga kowa, ko wane wuri kuka zaɓa, ku ɗora hoto goma ku gwada sauko da su, ku duba girman fayil ɗin ko ya yi daidai da na waya. Minti biyar ne, kuma zai gaya muku abin da talla ba za ta faɗa ba.

Maman Hanifa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yi tun ɗazu. Na zauna na fara tankaɗe hotunan, ashe faranti ɗaya sai in same shi sau goma sha biyu, kusurwa kawai ta bambanta. Daga watanni uku na farko kaɗai na cire sama da ɗari uku. Idan na gama zan kwashe duka zuwa faifai, in ɗora asalinsu a intanet ko da zan biya ƙarin wuri, in riƙa gyara da Snapseed tunda shi na fi ganewa. Ummi kada ki ji haushi, zan zo ki koya min naki idan hannuna ya faɗa. Flickr kuma zan buɗe don waɗanda na zaɓa wa littafi, in rubuta kayan haɗi a ƙasan kowanne.

Kek ɗin nan kuma zan sake yin sa ranar Asabar. Malam Sani, tagar kicin ɗina rana tana shigowa kai tsaye da safe, inuwa tana yin baƙi ƙirin a gefen faranti. In jira yamma ne?

Malam Sani mai kyamara: Ba sai kin jira ba. Ki rataya farin yadi marar kauri a tagar, zai tausasa hasken. Ki ajiye kek ɗin yadda haske zai zo ta gefe ko ta ɗan baya, a nan ne ramukan da kike so za su fito. A ɗaya gefen ki jingina farin kwali ya mayar da haske cikin inuwar. Ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin ki fara, tururin kicin yana barin maiƙo a kai. Ki ɗauki ɗaya daga sama, ɗaya daidai tsayin yankan.

Anti Rabi: Kuma ki sa Hanifa ta riƙe wuƙar, hannunta ya fito a ciki.